Hoton Inna da ya fito babu fuska

Shekarun baya masu nisan gaske, lokacin Turawa ba su daɗe da raba ƙasarmu biyu ba, Ingilishi ta nan, Faransai ta can, ina ƙaramin magidanci a Illela. Sana'ata fataucin kirgi da gishiri tsakanin garinmu da Birnin Kwanni. Gidan namu ba shi da yawa: ni, da matata, da ɗiyarmu wadda ba a daɗe da yaye ta ba, sai mahaifiyata, wadda ta dawo hannuna bayan rasuwar mahaifina.

Ina da wani aboki ɗan Sakkwato, daga gidan da suka gaji aikin hukuma. Ya yi boko, aka turo shi Illela yana akawu a rumfar da ake duba kayan fatake kafin su tsallaka iyaka. Wata rana na je gaishe shi na tarar yana jujjuya wani baƙin akwati a hannu, girmansa bai wuce ƙaramin akushi ba, da ido guda a gaba. Ya ce wani Bature ne da ya yi wa aiki ya bar masa da zai koma gida, akwatin hoto ne. Shi dai ya gwada sau biyu ya ga ba shi da haƙurin abin. Da ya ga yadda nake shafa shi kamar na samu ɗan maraƙi, sai ya yi dariya ya ce in tafi da shi.

Ya koya mini yadda ake sa fim a ciki, wani naɗi ne mai ɗaukar hoto takwas. In ya cika sai a kai Sakkwato, can akwai wani Bayarabe mai shago da ke wankewa, ya fitar da hoton a takarda. Abokina yakan je birni kan aikinsa, saboda haka shi ke tafiya da shi ya dawo mini da abin da ya fito.

Naɗina na farko abin dariya ne. Cikin takwas ɗin, biyu jakina ne, kuma duk ta baya. Ɗaya katangar maƙwabcina ce. Ɗaya babban yatsana ne ya rufe rabin duniya. Akwai wanda na ɗauki matata, ya fito daga wuya zuwa ƙasa, ta ce in ajiye shi in na tashi neman wata matar in nuna. Amma guda ɗaya ya yi kyau. Ɗiyata ce tsaye ta dafa turmi, bakinta a buɗe, ƙafa ɗaya a ɗage. Na zauna da takardar nan a hannu har rana ta juya, ina kallonta ina kallon yarinyar. Daga ranar abin ya shiga raina.

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, na fara manta fuskar mahaifina. Ina tuna muryarsa, ina tuna tafiyarsa, amma in na rufe ido ina neman fuskar sai ta ƙi zuwa. Shekara uku kacal da rasuwarsa. Sai na ƙudurta ba zan bari haka ta faru da ni a kan Inna ba.

Da farko ta ƙi. Matata ce ta yi ta lallashinta har kusan wata guda, tana nuna mata hoton jikarta, tana cewa ga yarinya nan tana wasanta lafiya lau, me ya same ta? Wata safiya cikin damina, bayan an kwana ana ruwa rana ta fito tas, matata ta leƙo ta ce mini, "Ɗauko abinka, ta yarda. Amma ka yi maza kahin ta sake shawara."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Inna ta fito da baƙin zanenta na saƙi wanda take ajiyewa don biki, ta zauna, ta ɗora hannuwanta bisa gwiwa. Matata ta zauna gefenta da yarinya a cinya. Shi akwatin nan ba a ido ake kara shi ba. A ciki ake riƙe shi, mutum ya sunkuyar da kai ya leƙa wani ɗan madubi da ke samansa, ya riƙe numfashi, sannan ya danna. Na leƙa, na ga su ukun sun shiga daidai, sai dai idon Inna yana ƙasa. Na ɗago kai na ce, "Inna, dubo nan!" na danna. Shi ke nan. Ta tashi ta shige ɗaki. Washegari abokina ya kama hanyar Sakkwato da fim ɗin a jakarsa.

Kwana uku da ɗaukar hoton, Inna ta kwanta.

Da fari mun ɗauka zazzaɓin damina ne irin wanda kowa ke yi. Aka dafa sabara, aka yi turare, aka karɓo rubutu wajen liman. Jiki ya ƙi sanyi. Tana rawar ɗari a rufe ta da bargo biyu, can kuma ta jiƙe sharkaf da zufa. Ta daina cin komai, ko kunu sai an matsa. Matar da ba ta taɓa yini a kwance ba tun da na san ta, sai ga shi ana ɗaga ta ana juya ta.

Ban san wanda ya fara faɗa ba. Na dai lura mata masu zuwa dubiya in sun fito sukan saci kallona, su yi ƙasa da murya. A masallaci wani dattijo ya amsa gaisuwata bai ba ni hannu ba. Ni kuma a raina ina ta lissafin kwanaki: ranar Talata na ɗauka, ranar Juma'a ta kwanta. Ina kore tunanin yana dawowa.

Rana ta shida Baffana ya iso daga Gidan Katta, yayan mahaifina, manomi, mutum ne wanda in ya yi magana an gama. Bai ko sha ruwa ba ya kira ni zaure.

"Kai, mi kay yi ma uwarka?"

Na ce, "Baffa, ban yi mata komi ba."

"An ce ka aje ta gaban akwatin Nasara ya ɗebe inuwatta. Ƙarya aka yi maka?"

Na shiga yi masa bayani, cewa ba inuwa ba ce, haske ne kawai, ga ɗiyata ma na ɗauka ba abin da ya same ta. Ya ɗaga hannu.

"Ina abin yake yanzu?"

"Yana Sakkwato, Baffa. An kai a wanke."

Ban taɓa jin nauyin kalmar nan ba sai da na ga fuskarsa. Ya yi salati a hankali, ya dube ni ya ce, "A wanke? Mace tana kwance da ranta, ka aika da ita birni a wanke ta?"

Na san abin da nake nufi daban, na san ruwan magani ne ake tsoma fim a ciki, abokina ya faɗa mini. Amma a zauren nan, da nishin Inna yana fitowa daga cikin gida, duk sanin nan ya gudu ya bar ni. Baffa ya ce in tashi in bi bayan abin in amso shi tun ba a sa shi ruwa ba. Na ce ina tsoron in bar ta a haka. Ya ce, "Zamanka mi ya ƙara mata?"

Da asuba na kama hanya da jakina. Ko sallama ban iya shiga na yi mata ba, daga bakin ƙofa na tsaya na ji tana numfashi, na juya. Hanya duk caɓi, fadamu sun cika, wani wuri sai na tuɓe na ɗora kaya a ka. Duk mutumin da na hango yana sauri daga bayana sai in tsaya cak, in ce shi ke nan, an aiko a ce in koma. Ya zo ya wuce ni da sallama, in ci gaba da tafiya. Na yi addu'a iyakar wadda na sani. Na yi wa Allah alkawarin in ta tashi zan farfasa akwatin nan da taɓarya.

Ban kai Sakkwato ba. A Gwadabawa, rana ta biyu da hantsi, na hangi abokina zaune a gindin wata tsamiya yana shan fura, dokinsa a ɗaure. Hanyar gida yake. Yana ganina ya miƙe da murna, ya ce, "Kai, ɗokin hoto ne ya hana ka jira?" Da ya dubi fuskata sai ya ajiye ludayin.

Na ce, "An wanke?"

Ya ce tun shekaranjiya.

Na zauna a ƙasa. Na ba shi labari. Ya ciro ambulan daga jaka ya miƙo mini, yana cewa in duba da idona in ga ba komai a ciki sai takarda. Shi ma bai buɗe ba. Na shiga zare hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa, raƙuman wani Buzu, ƙofar gidanmu. Sai na zo kan nata.

Matata ta fito sarai, har tsagen kumatunta ana gani. Yarinya ta fito. Zanen Inna ya fito, kowane zare. Hannuwanta suna nan bisa gwiwa, da zoben azurfarta. Amma daga wuya zuwa sama babu fuska. Wani abu ne fari-fari kamar hayaƙi, kamar an shafe wurin da jiƙaƙƙen tsumma.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga mai furar ta waiwayo.

Abokina ya karɓa ya duba, ya ce, "Motsi ta yi. Wallahi motsi ne kawai. Dubi nan, ga akuyarku a baya, ka ga wutsiyarta? Ita ma ta ɓace, don tana kaɗa ta. Duk abin da ya motsa haka yake fita."

Na ce, "Ni ban ga ta motsa ba."

"Hankalinka yana kan yatsanka, ina za ka gani?"

Maganarsa ta shiga kunnena, amma ba ta kai zuciyata ba. Mutum uku a tabarma ɗaya, biyu suna lafiya sun fito, ɗaya tana kwance ta ɓace. Ya ce to in bar hoton a hannunsa, in je in ce wa Baffa fim ɗin ya lalace, ba abin da ya fito. Na so in yarda. Na ma miƙa masa, sai na janye hannuna. Idan wani abu nata yana cikin takardar nan fa, in bar shi a jakar wani? A hanya mun wuce wata rijiya, na ce a raina in jefa shi ciki kowa ya huta, nan take tsigar jikina ta tashi. Na sa shi a aljihu, na ji tsoron zufa ta jiƙa shi. Na ciro na sa a ƙarƙashin malfata. Da hadari ya taso muka fake a wata bukkar makiyaya, ni da na bar jakina da kayana a cikin ruwa, hannuna biyu suna kan malfa. Yanzu in na tuna sai in yi dariya. A ranar ko murmushi babu.

Mun shigo Illela washegari da la'asar. Daga nesa na hangi jakuna uku baƙi a ɗaure a ƙofar gidanmu, da takalma a bakin zaure. Na gane jakunan, na dangin Inna ne daga Amarawa. Na tsaya a tsakiyar hanya ina kasa kunne ko zan ji kuka. Abokina ya riƙe hannuna. Can sai na ji daka daga cikin gida, luguden matata, wanda ko a cikin mata goma ina gane shi. Ba a daka irin wannan a gidan da aka yi rashi. Dubiya suka zo. Tana nan da ranta, amma jiki bai sauya ba.

Baffa yana zaure da kawunnaina biyu. Bai amsa gaisuwata ba ya miƙo hannu. Na cire malfa na ba shi. Ya kai takardar kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Sai ya ce, "Inna lillahi." Kawunnaina suka leƙa, su ma suka ɗauki salati. Abokina ya fara maganar wutsiyar akuya, Baffa ya dube shi sau ɗaya, abokin nawa ya bar maganar.

"A kawo wuta," in ji Baffa.

Daga bayan asabari muryar matata ta fito, a hankali, don ba ta saba sa baki a maganar manya ba. "Baffa, ku gahwarce ni. In da gaske wani abu nata na ciki, in anka ƙone shi hwa?"

Ba wanda ya yi tunanin wannan sai ita. Baffa ya tsaya da takardar a tsakanin yatsu biyu, bai iya ajiyewa ba, bai iya miƙa wa kowa ba. A ƙone, tsoro. A binne, ya fi muni. A ajiye, ba a san abin da ake ajiyewa ba. Manyan mutane huɗu da ni na biyar, ƙaramar takarda ta gagare mu. Wani ya ce a kira liman, wani ya ce a bari sai gobe. Muryoyi suka fara tashi.

Matata ta koma ciki, ta sake dawowa ta ce, "Inna ta ji ku. Ta ce a kai mata ta gani."

Na ce a'a. Baffa ma ya ce a'a, karo na farko da muka haɗu a kan magana ɗaya. Matata ta ce Inna ta rantse in ba a kai ba za ta taso da kanta. Haka muka bi ta har ƙofar ɗakin, muka tsaya a waje. Aka tayar da Inna aka jingina ta da bango. Ta rame har na kasa kallonta. Matata ta durƙusa ta riƙe mata hoton a wajen haske.

Ta daɗe tana dubawa. Ta sa yatsa ta taɓa fuskar jikarta. Ta taɓa zanenta. Da ta zo wurin hayaƙin nan sai na ga kafaɗunta suna girgiza. Na ce shi ke nan, na ƙarasa ta. Ashe dariya take yi, irin ta marar ƙarfi, wadda ke ƙarewa da tari.

Da ta samu numfashi, ba ni ta yi wa magana ba, matata ta duba.

"Ke, hwaɗa ma mai gidanki shi bar tada hankalin mutane. Ni na kau da kaina. Ina zamana lahiya, ya ɗago ya zuba min ido tsakar gida, gaban matatai, wai in dube shi. Yaushe na taɓa?"

Ni ne ɗanta na fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama su yi hira. Kakata ce ta raine ni a Amarawa har na yi wayo. Tun da na tashi ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, in tana son wani abu a wurina sai ta faɗa wa wani ina ji. Na san wannan kamar yadda na san hannuna. Amma da na riƙe akwati a ciki, na ga kaina wani gwani, sai na manta wace ce ke zaune a gabana, na ba ta umarni kamar wata ƙanwata.

Kawunnaina suka fashe da dariya. Baffa ya yi gyaran murya, ya ce shi dai har yanzu bai ga amfanin mutum ya ajiye kamannin wani a aljihu ba, kuma kada in kuskura in nuna masa idon abin nan. Har ya bar duniya ban ɗauke shi ba. Amma bai sake maganar wuta ba.

Kada ku ce hankalina ya kwanta a ranar. Bai kwanta ba. Inna tana kwance har yanzu, kuma na san in ta tafi, ba mai tuna dariyar nan, abin da za a riƙa faɗa a garin shi ne ɗanta ya ɗauke ta a akwati. Ni kaina ban san ko zan iya yarda da kaina ba. Kwana huɗu na yi ban je kasuwa ba, ina zaune a zaure, duk wanda ya fito daga cikin gida sai in karanci fuskarsa. A rana ta biyar da safe matata ta fito da ƙwarya a hannu, ta ce, "Ta ce furar ga ta yi ruwa, a sake dama wata." Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka kamar yaro.

Ban farfasa akwatin ba. Na je wajen liman na faɗa masa alkawarin da na yi a hanya, ya gaya mini abin da zan yi na kaffara, na yi. Amma na naɗe shi a tsumma na tura ƙarƙashin gado, na yi niyyar ko kallonsa ba zan sake yi ba. Sai bayan an gama girbi, Inna ta murmure har tana zuwa rijiya, wata rana ina cin tuwo na ji tana ce wa matata, da ƙarfi yadda zan ji, "Abin nan na Nasara ya mutu ne? Mutane su zo su ga jikata da kaka ba kai?"

Sharaɗinta biyu: kada in ɗago, kada in yi magana. Aka sake shimfiɗa tabarma. Na sunkuyar da kai, na leƙa ɗan madubin. Da farko idonta yana ƙasa. Na jira. A hankali ta ɗago, ta dubi idon akwatin kai tsaye. Ina da shekara kusan talatin, ranar na fara ganin idon mahaifiyata yana kallon inda nake. Na daɗe ban danna ba, har matata ta ce, "Ko ya lalace?"

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ta ga auren yarinyar da ke cinyar matata a hoton. Ni kuma na ci gaba da ɗaukar iyalina har idona ya raunana, na cika gwangwani biyu da hotuna. Abin da na koya bai wuce wannan ba: kafin ka ce wa mutum ya dube ka, ka san wane ne shi a wurinka. Na kuma daina yi wa Baffa dariya a raina, don na ga yadda ni da nake taƙamar na san sirrin akwati na yi tafiyar kwana biyu da takarda a ƙarƙashin malfa. In naka yana kwance, saninka ba ya tsaya maka.

Hoton na biyu shi nake nuna wa baƙi da jikoki, su ce kai, ashe kyakkyawa ce. Na farkon yana ƙasan gwangwani, ba kasafai nake ciro shi ba. Har yau in na ci karo da shi ina neman wani abu, sai gabana ya faɗi tukuna, kafin in tuna cewa ta warke.